Azara Arba'in da Ɗaya

Na zo Zogirma da takarda a aljihu,
lissafin ɗan kwangila: bandir shida na kwano,
bulo dubu, siminti, ƙusa, kuɗin lebura.
Aka ce in leƙa soron gona sau ɗaya
kafin a sa masa diga a fara.

Ƙofar gajera ce, dole ka sunkuya.
Kakana Nomau ya ce da gangan aka yi:
ko hakimi ne ya zo cinikin shinkafa,
sai ya gaida ƙasa kafin mai gida.
Na shiga. Zafin azahar ya tsaya a waje yana jira.

Na ɗaga kai.
Ga su baƙi wuluk, jere kamar haƙarƙarin sa,
hayaƙin shekara saba'in ya shafa musu mai.
Namijin giginya ne daga bakin fadama,
aka tsaga shi huɗu, jakuna suka jawo,
itacen da ya karya haƙorin gara.

Azara ba ta son dogon zango,
in an matsa mata sai ta yi ciki.
Labbo magini ya san halinta,
bai tilasta mata ba.
Ya gicciya gajeru a kusurwa,
ya ɗora wata bisa kafaɗar wata,
kowace ta miƙa kaɗan, ta bar wa 'yar'uwarta saura,
har bakan gizo ya haɗa baki a tsakiya.
Ba ƙusa ko ɗaya,
sai igiya da laka da dabara.

Can a ƙololuwa, inda ƙafafu huɗu suka gamu,
farantin tangaran mai bakin shuɗi,
na kayan ɗakin kakata Ige.
Ta yi wata guda ba ta yi wa Labbo magana ba,
daga baya ita ke nuna wa baƙi da kara.

Ga shaidar ambaliya a bango, daidai ƙuguna,
shekarar da gulbi ya kwana uku a ɗaki.
Tubali ya jiƙe, ya yi nishi, bai durƙusa ba.
Sama da nan, zanen gawayi layi-layi,
buhunan da aka auna:
wata kaka talatin, wata kaka tara.

Na ƙirga. Arba'in da ɗaya.
Arba'in lafiya lau.
Guda ce ta tsage, gindin indararo,
inda aka daina shafa makuba
tun ranar da muka koma birni,
muka bar wa jemagu shara.

Na zauna a dakali, na juya bayan takarda.
Na rubuta: azara ɗaya. Ɓawon ɗorawa. Zana biyu.
Sai alƙalami ya tsaya,
don ban san farashin hannu ba.
Labbo ya daɗe a ƙasa.
Jikansa Arzika na kabu-kabu a Birnin Kebbi,
an ce yana yaro shi ke miƙa masa laka.

Na sami lambarsa wurin mai shayi.
Ga ta nan tana ƙara.
Ban san me zai ce ba
in na tambaye shi ko hannunsa na tuna azara.