Talatin da Huɗu

A bakin kogin Mai Wurno Baba Jatau ya faɗi,
raga a hannu, ba tuntuɓe, ba ihu.
Kafin a kawo ruwa ya farka
yana tambayar wa ya ɗauke masa hula.
Karo na uku ke nan tun girbin dawa.
Inna ta ce iska ce. Aka yi hayaƙi.

Ni kuwa na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa,
idona a kan agogon bango:
talatin da huɗu.
Tsakanin bugu da bugu
akwai shirun da zai ɗauki sallama da amsarta.

A Wad Madani, Dakta Ikhlas ta warware doguwar takarda
mai zanen tuddai, ƙanana da manya.
Ta ce, "Zuciya gidan bene ce.
Sama ke kira, ƙasa ke amsawa,
ɗan aiken da ke tsakani ne ya gaji.
Saƙo uku yake ɗauka, ɗaya ke isa,
wani lokacin ko ɗaya."
Baba ya ce, "Jini ne ya toshe?"
"A'a, Baba. Hanyar saƙo ce."

Ta buɗe tafin hannu:
ƙarfe ne, bai kai kwalin ashana ba.
Ƙarƙashin fata zai kwana, kusa da kafaɗa,
siraran wayoyi biyu su bi jijiya su sauka.
"Sauraro ne aikinsa.
In shiru ya yi tsawo, sai ya ƙwanƙwasa."
Baba ya juya abin, ya sake juyawa.
"Wato na'ibin ladan,
ranar da barci ya ci babban."

Da ta ce batirin zai kai shekara goma
dariya ya yi: "Ni fa, wa ya tsaya mini?"

Sati shida ba jefa raga,
ba ɗaga hannun hagu sama da kai,
wayarsa ta koma aljihun dama.
Ya zauna gindin darbejiya yana ɗinkin ƙoma,
yana yi wa yara faɗa a kan ƙulli.
Faɗan ma na yi kewarsa.

Jiya bayan lisha ya yi gyangyaɗi kan tabarma,
na sake ɗora yatsuna.
Sittin.
Ban san wane bugun ne nasa,
wane ne na baƙon ba.
Na ƙirga har sau uku,
shayina ya huce.