Ciyawar Shanshani

Ni ke karanta mitar ruwa a wannan unguwa ta El Paso,
gida-gida, ina ɗaga murfi da ƙugiya.
Kowa ya zuba tsakuwa a ƙofar gidansa,
ban da Ofelia Barraza.

Filinta bai fi tabarma uku ba,
ciyawar shanshani ce, mai jan ciki.
Marigayi Delbert ya kawo ta daga Jojiya
cikin jiƙaƙƙen buhu, a bayan a-kori-kura.
Ya ce can ma baƙuwa ce, asalinta ƙasar Sin.

Ƙasar nan duk kanwa, ba ta karɓe ta ba.
Zafi na sauka sai ta yi ɗorawa kamar mai shawara.
Ofelia ta jiƙa tsofaffin ƙusoshi a bokiti,
ta shayar da ita ruwan tsatsa,
da na wankin shinkafa,
da wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki.

Na duba mita. Allura ba ta yi gudu ba.
Babu laifin rubutawa.

"Ba ta tsayi," in ji ta, "shi ya sa ya so ta.
Rago ne, ya tsani yankan ciyawa."
Ta yi dariya, ta goge ido da bayan hannu.

Zan tafi ke nan na ga wani siririn reshe
ya haye siminti, ƙafa bayan ƙafa,
ya kafa saiwa a tsagar hanya,
dab da ramin mita,
inda ba wanda ya gayyace shi.

Na mayar da murfin a hankali.