Faifan da Aka Manta a Mota

Motar ta iso garejinmu ta hanyar Kwatano,
fara, sitiyarinta a dama kamar mai gardama.
Alhaji Mantau ya ce a mai da shi hagu kafin Juma'a.
Ilu ya haɗa batir, rediyon ya yi tari,
sai wata yarinya ta kama waƙa daga cikin ƙarfe,
murya siririya kamar zaren da bai ga shuni ba,
ganga na gudu a bayanta, jita na bin ta da ihu.
Faifai ne, wani ya manta shi a wancan bakin duniya.

Na sa shi aljihu.
Allah ya yafe mini, ban gaya wa Alhaji ba.

Da dare Barira, ƙanwata 'yar lakwal,
ta kara wayarta a bakin rediyon gida,
wayar ta saurara, ta ba mu gurguwar fassara:
wai farar yanyawa ce ke gadin shinkafa,
wai akwai mai zama cikin kogi, ana tafa masa sau biyu,
wai rana mace ce, ta yi fushi ta shige kogo,
sai da aka rataya madubi a ƙofa ta leƙo.
Ita kuwa mai waƙar, roƙonta bai cika tafi ba:
a tsai da ruwa har jirgin ƙasa ya iso,
a sa yaron nan ya waiwayo.

Barira ta tuntsire: “Duk taron allolin nan
saboda saurayi guda?”
Na yi a'uziyya, na rage murya.
Ban kashe ba.

Kakarmu Hakama na gindin bedi tana ɓarar gyaɗa.
Shekara talatin ke nan da tubanta,
tun da ta kai tsummokin bori gulbi ta juyo ba waiwaye,
ta je Makka, ta dawo da haƙori mai walƙiya.
Ko garaya ta ji daga Bagalam,
sai ta ɗau carbi ta ja ƙyaure.
Ran nan ba ta tashi ba.
Hannunta ya tsaya a kan kwanso.

Ta ce, “Wagga ɗiya kira takai.”
Na ce, “Iya, yaushe kika koyi yaren Japan?”
Ta ce, “Ba da halshe aka kira ba, Lawali.
Ji inda lumfashinta ka yankewa.
Nan taka jiran a amsa.”

Shiru, sai ƙarar injin niƙan maƙwabta.
Ta ce uwarta ta faɗa mata,
sa'ad da gari ke ƙasa cikin fadama,
kafin ruwa ya koro mutane tudu,
kowace tsamiya da mai ita,
ba a zuba ruwan zafi a ƙasa ba sallama.
Sai ta tofar da yawu gefe,
ta ce jahilci ne, ya wuce, Allah ɗaya ne.
Muka ce haka ne.
Ta murza gyaɗa uku, huɗu.
Ta ce, “Maido ta da farko.”

Sau biyu na maido.
A na ukun ladan ya riga mu, na danna.
Ta daɗe a kan buzu daren nan,
ban san me ta roƙa ba, ban san wa ta nema wa gafara ba,
kanta ko 'yar mutanen da ba ta san sunanta ba.

Faifan bai kai damina ba, ya karce,
yarinyar ta riƙa in'ina a kan kalma guda har ta yi shiru.
Zan jefa shi bola, Iya ta miƙo hannu.
Yanzu yana can a gonarta ta hanyar Tibiri,
ɗaure da tsumma a kan karan gero,
wai don korar tsuntsaye.

Ni ke kai ta a kan babur da sassafe.
Takan tsaya daga kunyar farko, ba ta cewa komai,
har rana ta fito, ta leƙa cikinsa,
sannan ta ɗauki hauya.