Kwali na Goma Sha Bakwai

Umarni ya iso ranar Talata,
takarda ɗaya, sa hannu ɗaya:
Sajan Corinne Prudhomme, a tattara, sai Kansas.
Ba a rubuta sunana ba.
Ni ina cikin “iyali da kaya”,
tsakanin firji da keken Emmett.

Masu kwasar kaya suka zo su uku,
suka naɗe kofuna, suka naɗe madubi.
Ɗaya ya sauko da lasisina daga bango,
ya ce, “Wannan mai fashewa ne?”
Na ce gilashin kaɗai.
Ƙarya na yi masa.

Sau biyu na zauna jarrabawar lauyoyi.
Ta fari a Luwiziyana, da kuɗin rance.
Ta biyu a Jojiya, Emmett na fitar da haƙori,
ina haddar dokar gado da littafi a hannu ɗaya,
ɗayan na jijjiga shi har gari ya waye.
Na ci.
Wata goma sha huɗu ina miƙewa gaban alƙali,
sai ga wata Talatar.

Lasisin tuƙina ya ƙetare iyaka, ba wanda ya tsayar.
Takardar aurenmu ta ƙetare.
Har shaidar rigakafin karenmu
an karɓa da murmushi a ƙofar bariki.
Igiya ukun da ke damtsen Corinne
igiya uku ce a kowace jiha.
Ni ne dai gishiri,
kowane rafi na tsallaka sai na ragu.

Jiya Ofelia ta gidan kusa ta ƙwanƙwasa.
Mijinta na hayin teku, wata na bakwai.
Mai gidan da ta bari ya riƙe kuɗin ajiyarta,
wai tabo a bango, tabon da ta tarar.
A tsaye na karanta yarjejeniyar.
Sakin layi na tara, ga ramin da zai rufta,
ga amsa a bakina tana ƙona harshe.
Na ce, “A nan ni ba lauya ba ne.”
Na rubuta mata lambar ofishin taimako a bayan ambulan,
na zuba mata kofi.
Rabi ta sha.

An ce yanzu an buɗe wa irinmu ƙofa,
matan soja da mu mazan da ake mantawa,
izini na wucin gadi ga wanda ya cika sharaɗi.
Na cike. Shafi ashirin da shida.
Suna son duk inda na kwana cikin shekara goma,
layi biyar suka bari, gidajena tara.
Na liƙa ƙarin takarda.
Matar ofishin tana da kirki, kullum “muna dubawa”.
Dutsen mai haƙuri yana kan wuta wata uku,
ban sani ba ko zan ɗanɗani romon
kafin a ce mu kashe murhu mu tashi.

Da dare Corinne kan tuɓe takalmi a bakin ƙofa,
warin man jirgi a gashinta,
ta ce, “Lionel, ka ce in ajiye, in ajiye.”
Na san da gaske take, shi ya sa ba na cewa.
Ta ɗaga hannun dama ta yi rantsuwa,
ni ma hannun daman na ɗaga.
Tata ce aka yi wa ƙafafu.

Yau na farke kwali na goma sha bakwai.
Gilashin bai fashe ba.
Ban sami ƙusa ba, na jingina shi a kan firji,
kusa da zanen Emmett: jirgi, rana, mutum uku da kare.
Ya tambaye ni ko in na girma lauya zan zama.
Na ce muna dubawa.

Kwalin kuwa na ninke, na tura ƙarƙashin gado.
A gidan soja ba a zubar da kwali.