Ƙwan Wanne?

Shekara sha tara ina bin hanyar Tanut
da fitilu biyu masu launin ruwan tsamiya,
gajiyayyu, kamar idon mai zazzaɓi.
Na san kowane rami da halinsa.
Na bayan Bakin Birji, ni da shi ba ma ga maciji,
sau biyu yana cinye mini taya.

Bana sai dare ya ƙara kauri.
Na ce ƙwai ne ya tsufa.
Magaram ta ajiye faifai, ta ce, "Ƙwan wanne?"
tana duban tsakiyar fuskata.
Ban tanka ba. Na ɗauki makulli.

A Zango, bayan masu walda, akwai rumfar Kiyari,
yaron da ke taɓa wayar mota
kamar mai neman jijiya a hannun majinyaci.
Ya zaro kwali mai rubutun Sin.
"Baba, LED ke nan.
Ba zaren da zai tsinke, ba ta shan batir,
ga 'yar fanka a ƙeyarta don kar zafi ya kashe ta."
Jika goma sha biyu, in ji shi.
Muka tsaya a tara,
da sharaɗin cuku in na dawo daga arewa.

Daren farko, wayyo daren farko!
Fari fat, kamar an ɓare wata an shimfiɗa a gudro.
Na ga ƙayar aduwa ɗaya-ɗaya,
na ga leda a reshe, na ga zomo yana shawara,
na ga ramin Bakin Birji tun yana nesa
na kauce masa ina dariya.
Fasinja suka yi ta sa albarka.
Ni kuwa na gyara hula, na ƙara wuta,
na ji shekara ashirin ta sauka daga wuyana.

A dawowa ne, gab da shiga gari,
duwatsu sun fara leƙowa,
sai ga amalanke da jarkoki.
Na ga mutumin sarai, har ɗinkin rigarsa.
Shi bai ga komai ba.
Ya kare fuska da damtse,
jakin ya firgita, ya faɗa kwari,
jarka shida suka fashe da baki.

Duk ɗan Damagaram ya san
mene ne ruwa, kuma daga ina ake jawo shi.
Na tsaya ina kallon ƙasa tana shanyewa
a cikin hasken da na saya jika tara.

Muka ɗaga amalanken tare.
Bai zage ni ba, da ma ya zaga.
Ya ce, "Direba, ganinka ya yi yawa,
har ka haɗa da nawa ka tafi da shi."

Da sassafe na koma.
Kiyari ya sosa ƙeya, ya ce mu jira magariba.
Muka sa hancin mota ya fuskanci katangar makaranta,
ya ja layi da gawayi daidai gwiwarsa,
ya shiga murɗa wani ɗan ƙusa
kaɗan, kaɗan,
hasken yana saukowa daga kan bango
kamar yaro da aka ce masa, gaida manya.
Ashe fitila ma sai an koya mata sunkuyar da kai.

Yanzu in na hango wani tafe,
mai kabu-kabu ne, mai keke, ko tsohuwa da itace,
tun daga nesa nake rage masa.
Rabin daren nasa ne.

Jiya na tarar da takarda ƙarƙashin kwanon tuwo:
asibitin ido, Alhamis, ƙarfe takwas.
Magaram ba ta ɗago daga tankaɗe ba.
Ta ce, "Wannan ƙwan,
Kiyari ba ya sayar da shi."