Mai Sauri da Mai Nawa

Dubu uku da ɗari biyu, haka aka rubuta a kwali,
da manyan lambobi, ko mai hakiya ya gani.
Sidi ɗari bakwai na ƙirga wa yaron Adum,
ya dafa ƙirji ya ce, "Masta, wannan ram ɗin iska ne."
Na sa sanda biyun a aljihun gaba,
na dafe su da tafi har Aboabo,
kada matsin tiro-tiro ya karya mini jari.

Na kunna. Na duba.
Dubu biyu da ɗari da talatin da uku.
Na goge tabarau da bakin riga, na sake leƙawa,
lambar tana nan daram,
kamar mai bin bashi a bakin ƙofa.

Ga aiki jibge a tebur:
katin suna na gidan Mma Lantana,
fostar sadakar arba'in ta wani direban Bawku,
hoto tamanin da ango ke nema tun ran Talata.
Kokon safe ya yi sanyi a leda,
ƙosai ya sha iska, ban taɓa ba.

Sai ga Nasiba, 'yar ƙanwata,
da jakar makaranta da gumin la'asar.
"Kawu, ka shiga bayos?"
Na ce, "Ina ne nan kuma?"
Ta yi dariyar da ban ji daɗinta ba,
ta danna maɓalli ɗaya sau bakwai,
wani shuɗin ɗaki ya buɗe a cikin injina
da shekara shida ban san da shi ba.
Ta ce, "Gudun yana nan, a ɗaure yake zuwa.
Sai ka kwance shi da hannunka."

Muka kwance.
Allo ya yi baƙi ƙirin.
Fanka ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani,
ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa.
Ta zare ɗan batiri mai kamar kwabo,
ta ce in ƙirga talatin.
Ban taɓa jin tsawon talatin ba sai ranar.

Ashe ma gurbi na ɗaya da na biyu na cusa su,
kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla.
"Na biyu da na huɗu, Kawu. Suna son tazara."
Muka hure ƙura, muka danna har suka ce ƙas.
A nan aka ɗauke wuta.
Muka zauna muna jin janaretan mai aski
har bayan magariba.

Da wuta ta dawo ta ce, "Ɗaya-ɗaya za mu gwada."
Na farko ya tashi shi kaɗai,
dubu uku da ɗari biyu cif, ba ko tari.
Na biyu, a dubu biyu da ɗari huɗu ya toge,
an lallaɓa, an ƙara masa wuta kaɗan, ya ce shi nan ya tsaya.
Ta sa farce a gefen takardar jikinsa,
ta ɗaga a hankali:
wata takardar ce a ƙasa, tsohuwa, da tata lambar.
An sa wa tsoho rigar saurayi.

"In suna tare," in ji ta, "mai sauri ba ya wuce ɗan'uwansa.
Takun mai nawa suke bi su biyun.
Gobe ka koma Adum ka yi musu tijara."

Zan koma. Rasit ɗin yana cikin hulata.
Amma daren nan na bar su a dubu biyu da ɗari huɗu,
katin Mma Lantana ya fita, tawada ba ta bushe ba.
Na ja ƙofar shago, na sa kwaɗo.
Baba Gado na kan benci da sandarsa yana jirana,
mutumin da a da yake dakon buhu biyu a Kejetiya.
Daga nan zuwa gida minti biyar ne in ni kaɗai ne.
Muka yi ashirin.
A bakin kwata na riƙe masa gwiwar hannu,
ya ce, "Kai, yau sauri kake yi."