Mai Riƙe Waya

Akwatin rediyon ba namu ba ne.
Na Nwosu ne, mai gyaran agogo a Sabon Gari.
Da asuba ya kawo shi, a naɗe cikin zanen matarsa,
ya ce da Baba, "Malam Tanimu, riƙe mini, sati biyu ne."
Jirgin ƙasa ya yi kuka ya tafi da su gabas.
Sati biyu suka haihu, suka yi jikoki.

Kullum in an sallame magariba
sai a ɗora shi kan kifaffen turmi
a ƙofar gidanmu, Tudun Wada.
Batir huɗu, Baba ya shanya su tun hantsi
wai su sha rana su ƙara kwana.
Ni kuwa aikina waya.
In na saki, akwati ya yi ta tari kamar tsohon tela,
in na kama, Kaduna ta fito sarai.
Shekarata tara,
amma ta yatsuna labarin duniya ke shigowa unguwa.

Da farko goge, sai kalangu,
sai wasan wani marowaci da ya binne kuɗinsa a tulu.
Ɗanjuma mai faci na dariya har hularsa ta faɗi.
Sai agogo ya buga.
Dariya ta naɗe tabarmarta.

"Ga labaru."
Muryar mutumin sumul, ba gargada,
yana jero garuruwan da harshenmu bai saba da su ba:
an kama wannan, an doshi wancan,
an ƙetare wani kogi.
Bai taɓa faɗin wa aka bari a cikin ruwan ba.
Baba kan sunkuya yana jan carbi,
ban san wa yake wa addu'a ba,
namu da suka tafi da bindiga
ko mai akwatin.

Ran Laraba ake gaisuwar soja.
Inna Lantana kan sauke kaskon ƙosai da wuri
ta tsaya a bakin zaure,
mayafinta na ƙanshin man gyaɗa.
Ɗanta Barau ya shiga Daffo da takalmin aro,
wata uku aka loda su a mota.
"Kofur wane na gaida mahaifiyarsa a Gusau."
"Saje wane na gaida iyalinsa a Kafanchan,
ya ce kada a sayar da akuyar."
Har a kai ƙarshe.
Ta ce, "Allah ya kai mu wata Larabar,"
ta koma ga garwashinta.

Wani dare aka fara, "Farabiti Bar..."
sauro ya gantsare ni a wuya,
na saki.
Shuuu.
Kafin in cafko, ana gaida wata a Nguru.
Ba wanda ya mare ni. Da ma an mara.
Inna Lantana ta dube ni, ta daɗe,
ta ce, "Shi ne. Na ji."
Washegari ta ba ni ƙosai biyar, ta ƙi karɓar kwabo.

Ranar da aka ce yaƙi ya ƙare
hannuna na kan waya, ya yi sanyi, ban saki ba.
Da damina Barau ya sauka a tashar jirgi,
kunne ɗaya a toshe, ya rame kamar kara.
Na ja shi gefe na tambaye shi.
Ya ce bai taɓa aiko da gaisuwa ba,
bai ma san ana yi ba.
Uwarsa na juya ƙosai, ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Ni dai na ji."

Nwosu ne bai sauka ba.
Baba ya bar mini gida, da bashin sule goma, da akwatin.
Zanen ya koɗe, kyankyasai sun ci bayansa.
Jikokina sun ce a jefar.
Na ce ba namu ba ne.
Wani lokacin, in gida ya yi tsit bayan isha,
nakan taɓa wayar da yatsu biyu,
ko za a ƙarasa sunan.